Jan Furen Abah

Ni dai tun da mutumin nan ya sauko daga mota na san ba za mu shirya ba. Riga ce a jikinsa mai aljihu ya fi goma, kowanne a cike, ga hula mai faɗin baki kamar zai shiga gona, alhali takalmin ƙafarsa fari fat, bai taɓa gaisawa da laka ba. Ya tsaya a bakin rumfata ya lumshe ido, ya ja iska, ya ce, "Kai, hasken Lembang daban ne." Hasken da muke shanya wanki a cikinsa tun kaka da kakanni, yau an taso daga Jakarta a gaya mana daban ne.

Yayana Kang Darsa ne ya kawo shi. Shi ne shugaban ƙungiyar masu noman murtsunguwa ta ƙauyenmu, ko da yake rabonsa da sa hannu a ƙasa tun Abah, mahaifinmu, yana raye. Aikinsa waya da taro da gaisawa da manya. Shi ya tsiro da maganar wai ƙungiya za ta buga kalanda, wata goma sha biyu, fure goma sha biyu, a riƙa ba mutanen birni da ke hawowa shan iska ranar Asabar da Lahadi. Shi kuma ya nemo mai ɗaukar hoton, wani Pak Rinaldi, wato Malam Rinaldi.

"Ga Tarsih, ƙanwata," in ji Kang Darsa, yana nuna ni kamar ni ma cikin kayan rumfar nake. "Ita ce mai jan furen da na ba ka labari."

"Na ji labarinki, Ibu," Pak Rinaldi ya ce, da kiran girmamawa da ake yi wa mata a nan, ya haɗa tafuka ya ɗan rusuna, amma idonsa na can bayana yana auna ledar rufi. "Ƙarfe nawa zai buɗe?"

"In rana ta take tsaka. In ya ga dama."

"Ba yadda za a yi ya buɗe da wuri? Hasken safe ya fi taushi."

Na ce sai dai ya shiga ya roƙe shi da kansa. Kang Darsa ya ƙyalƙyale da dariya don a ɗauka wasa nake, sannan ya harare ni ta wutsiyar ido.

Bari in faɗi abin da ke cikin rumfar nan, don a san dalilin da ya sa raina yake a wuya duk makon. Akwai wata irin murtsunguwa da muke kira tauraruwa. Ba ta da ƙaya, a zagaye take, a baje, kamar tumatirin da aka ɗan danne da tafin hannu, jikinta da ɗigo-ɗigon fari. Furenta ruwan ƙwai ne, kuma kowane gida a ƙauyen nan akwai ta tuli. Amma ta Abah furenta ja ne, ja sosai, tun daga baki har maƙogwaro. Tun ina yarinya na buɗe ido na gan ta a bencinsa, kuma har ya koma ga Allah bai sayar da ko ɗaya ba. Ya bar mini guda goma sha huɗu. Mutum ne mara magana, abin da ya koya mini da hannu ya koya mini: a lakato garin fure daga wannan ja da ɗan burushi, a shafa a tsakiyar wancan ja, a rufe da 'yar jakar raga don kada ƙudan zuma ya kawo na wani, a ɗaure da zare. Aurar da fure muke ce wa wannan.

Wata damina ina Bandung wajen haihuwar 'yata, iska ta yage leda daidai kan bencin, ruwa ya kwana uku yana zuba a kansu. Kang Darsa da na bar wa mukulli bai leƙa ba, yana wajen taro. Ruɓa ta bi su ɗaya bayan ɗaya har saura biyu. Ɗayar ma ta fara laushi, amma kafin ta tafi ta yi fure guda, na kaɗe garinsa a takarda, na naɗe, na sa a kwalba da busasshiyar shinkafa, na tura can ƙuryar firji. Wata bakwai ke nan kwalbar na nan.

Saura ɗaya, wadda nake kira Tsohuwa. Ita ma na taɓa gindinta na ji ya fara laushi. Abin da kowa zai yi shi ne ya yanke kanta ya ɗora a kan wata murtsunguwa mai ƙarfi, ko Allah zai sa ta kama. Har na wasa wuƙa sai na ga toho a tsakiyarta. In na yanka, tohon zai faɗi. In na bari, za ta yi fure, in sa mata garin da ke firji, in samu iri cikin mako huɗu, amma ita da wuya ta kai labari. Na zaɓi iri. Fure ɗaya da takarda ɗaya, shi ke nan abin da ya rage na jan Abah.

Na ce wa Kang Darsa kada ya kawo mini kowa ranar da za ta buɗe. Ya ce ai ranar ce ma ya kamata, ina za a samu hoton bangon kalanda in ba wannan ba? Ya ce sunan Abah zai shiga kowane gida. Da sunan Abah ya ɗaure ni, na ƙyale shi.

To, tun ƙarfe tara Pak Rinaldi ya mai da rumfata kasuwa. Ya kafa kyamara a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya rataya baƙin yadi a bayan benci, ya buɗe lema fara alhali ba ruwa ba rana. Ya fara da masu kaurin ganye, waɗanda suka fitar da dogon kara da 'yan furanni ruwan goro a rataye. Duk tukunyar da ya ɗauka sai ya zare takardar sunanta ya jefar gefe, wai tana ɓata hoto, ni kuma ina biye da shi ina tsinta ina mayarwa. Can sai ga shi ya ciro kwalbar fesa daga aljihu ya fara fesa wa ganye ruwa.

"Me ke nan?" na ce.

"Raɓa, Ibu."

"Raɓa ƙarfe goma na safe? Ka san in ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen nan ruɓewa take?"

"Ɗigo biyu ne. Mai kallo yana son ya ji sanyin asuba."

Na ce mai kallon ya tashi da asuba mana. Na ƙwace kwalbar na sa a aljihun rigata.

Shi kuwa shugaban ƙungiya guda, an damƙa masa wani faifai mai walƙiya kamar murfin tukunya, yana juya shi don ya watsa wa fure haske. "Ɗaga, Pak Darsa. A'a, sauke. Hagu kaɗan. Tsaya haka, kada ka motsa." Mutumin da ko buta aka ce ya miƙo a gida sai ya kira matarsa, yau ga shi a durƙushe, gumi na bin wuyansa, yana washe baki. Pak Rinaldi ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya tashi, ya hau kujera, ya sauko. Ya ce mini shi ba ɗaukar hoto yake ba, hira yake da furen. Na ce Allah ya sa furen ya ba shi amsa ta gari. Na kawo musu shayi da soyayyen bala-bala, ƙosanmu na fulawa da kayan lambu, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi sama yana duba hasken da ke ratsa shi, sannan ya ci.

Wajen sha ɗaya taurarin da ke bakin ƙofa, inda rana ta fi bugawa, suka buɗe, benci guda ruwan ƙwai. A nan na fara ganin burushin. Daga aljihun ƙirjinsa ya ciro shi, ɗan siriri mai laushi. Duk furen da zai ɗauka sai ya share ɗan garin da ya zubo a kan ganyen furen, sannan ya cusa bakin burushin ciki ya daidaita zaren tsakiya don su tsaya cif. Ya gama da wannan ya koma wancan, fure ya fi talatin. Ban hana shi ba, ai waɗannan na sayarwa a gefen titi ne, ko wa ya aure su ba ruwana. Har dariya na yi a raina, na ce ga ƙudan zuma mai aljihu goma. Amma na je na tsaya a gabansa.

"Pak, wannan burushin naka kada ya kusanci waccan kusurwar."

"Haba Ibu, shekarata ashirin a wannan aiki."

"Ni ban tambayi shekarunka ba. Kang, ka ji abin da na ce?"

"Na ji, na ji," in ji Kang Darsa, idonsa a kan faifai.

Ana kiran sallar azahar Tsohuwa ta buɗe. Da hannuna na kwance zaren na cire ragar da na rufe tohon da ita. Ban taɓa ganin ta yi fure mai girman wannan ba, ya rufe kanta gaba ɗaya, ja yana sheƙi, kamar ta tattara duk abin da ya rage a jikinta ta tura sama. Na tuna Abah a tsugune a daidai wurin nan da tabarau a kan hanci, na ji kewarsa har cikin ƙashina. Pak Rinaldi ma, in faɗi gaskiya, sai da ya saki kyamarar ya zuba wa furen ido, kuma shi ke nan abin kirkin da na gani a wurinsa duk ranar.

Na shiga gida na ɗauko kwalbar daga firji na ajiye a inuwa. Ba a buɗe ta da sanyinta, sai ta huce, in ba haka ba garin ya jiƙe ya lalace. Na ba Pak Rinaldi wannan ɗan lokacin ya ɗauki hotonsa. Na tsaya a kansa yana ta ƙyas-ƙyas, ina korar ƙuda da hannu. Can sai ya ɗago ya zuba wa hannun nawa ido, daga nan ya dawo kan fuskata, ya ja da baya taku biyu.

"Pak Darsa, mun yi kuskure," ya ce. "Ba furen kaɗai ne bango ba. Ibu ce za ta riƙe tukunyar a ƙirjinta. Dubi hannun nan. Dubi fuskar nan. Ai ita ce labarin gaba ɗaya."

"Ni? Rufa mini asiri," na ce.

"Ke fa. Mace mai riƙe da gadon ubanta. Duk wanda ya gani sai ya tsaya."

Kang Darsa ya ƙare mini kallo daga sama zuwa ƙasa. "Amma da wannan mayafin? Tarsih, duk ƙasa ce a jikinsa. Je ki sa na kirki, kada ki ba mu kunya."

Ga inda nake jin kamar in mari kaina har yau. Na tafi. Ni Tarsih, mai shekara hamsin da takwas, mai jika, wadda ta wuni tana yi wa mutumin nan tsaki, kalma uku ya faɗa a kan fuskata na bar fure a buɗe na ruga ɗaki. Na gwada shuɗin mayafi, na ga ya ƙara mini duhu. Na gwada fari, na ce zai yi kamar na ta'aziyya. Na tsaya a kan kore mai ɗinkin zare a baki. Na wanke farcena da buroshin haƙori. Har hoda na shafa, hodar da rabona da ita tun bikin 'yata. Minti goma na yi, ko sha biyar.

Ina ɗaga labulen rumfa na hango shi a sunkuye a kan Tsohuwa, burushin nan a tsakiyar furen, yana juya shi a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Kang Darsa ya saki faifan. Na fizge burushin, na kaɗa shi a kan baƙin yadin da ya rataya, gari ruwan ƙwai ya zubo ya yi layi. Na duba cikin furen. 'Yan yatsun tsakiya, inda iri ke shiga, duk ya shafe su kaf, ba wanda ya tsallake.

"Wani ɗan gari ne ya zubo a kan ja, yana fitowa a hoto," in ji Pak Rinaldi. "Kuma tsakiyar ta ɗan karkace, na miƙar da ita. Lafiya, Ibu?"

"Me na ce maka a kan burushin nan?"

"Ai a hankali na yi. Ko ƙwarzane babu, duba ki gani."

"Ka aurar mini da ita! Garin fure talatin ka kwaso daga bakin ƙofa ka ɗura mata!"

Ya dubi Kang Darsa, ya dube ni, ya ɗan yi murmushin nan da 'yan birni ke yi wa mutanen ƙauye in sun ɗaga murya. "Ƙura ce kawai, Ibu. A wanke mana."

"A wanke! Kang, kai da aka haife ka a rumfar nan, kana tsaye?"

"Ni fa faifai nake kallo," in ji Kang Darsa. "Ya ce kada in motsa."

"Da ya ce ka faɗa rijiya ma kada ka motsa sai ka isa ƙasa?"

"Sih, baƙo ne, ki sassauta murya."

Pak Rinaldi ya gyara hularsa, ya sa murya mai sanyi irin ta lallashin yara. "Ibu, in launi ne damuwarki, ki kwantar da hankalinki. Duk furen da ya fito nan gaba, ko ruwan ƙwai ne, ki turo mini hotonsa, a kwamfuta minti biyu zan mai da shi ja. Ba wanda zai gane."

Ban zage shi ba, don zagi ya yi masa kaɗan. Na ɗauki ƙarfensa mai ƙafa uku na fitar waje na jingina da motarsa, na dawo na kwashi lemar da yadin na ɗora a kai. Na ce su fita, su biyun. Yana tafiya yana ce wa Kang Darsa ba komai, ya riga ya samu abin da yake so, masu fasaha sun saba da irin wannan.

Na tsuguna da koren mayafina da hodata. Na jiƙa auduga na goge abin da zai gogu, na jira ya bushe, ko da yake na san aikin banza nake, abin da ya manne ya manne. Na buɗe takardar. Garin ya dushe, ya zama kamar toka, ɗan kaɗan a lungun naɗin. Na shafa shi duka, ban rage ko ƙwaya ba. Gari mai wata bakwai a firji zai yi tsere da sabo fil da ya riga shi shiga. Na rufe da raga na ɗaure, sannan na tashi na yi azahar a makare.

Kalanda ta fito kafin ƙarshen shekara. Furen Tsohuwa ne a bango, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. A ƙasa an rubuta sunan Pak Rinaldi da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa da ƙanana, "daga gonar Pak Darsa." Sunan Abah da zai shiga kowane gida ko harafi ɗaya bai samu ba. Kang Darsa ya aiko mini da guda biyar, na shimfiɗa su a ƙarƙashin buhunan ƙasa, suna tare danshi sosai.

Amma kafin nan furen ya kama, ya yi ɗa. Ranar da ya fashe na ƙirga iri hamsin da biyu. A ranar na sa wa Tsohuwa wuƙa don in ɗora kanta a kan wata, na tarar ruɓa ta bi jijiyar tsakiya har sama. Na yi ta yanka siriri-siriri ina neman wuri mai fari, har ba abin da ya rage a hannuna.

Na shuka irin. Talatin da ɗaya suka rayu. Masifar wannan sana'a ita ce ba ka sanin wa ya haifi wa sai an yi fure, kuma fure sai bayan shekara uku. Shekara uku ina ba su ruwa da cokali. Na sake ledar rufi sau biyu ba don ta yage ba. Na daina zuwa Bandung in kwana. Na riƙa ce wa kaina cikin talatin da ɗaya ai ba za a rasa biyu na garin firji ba, biyu kawai nake nema.

Ta farko ta buɗe ruwan ƙwai. Ta biyu ma haka. Cikin wata guda takwas suka buɗe, duk ruwan ƙwai, irin wanda ake jerawa a gefen titi kusa da masu gasa masara. Na sa musu suna 'ya'yan Rinaldi. Ko kallonsu ba na son yi, in na gan su sai in ga hular nan mai faɗin baki da kuma kaina a gaban madubi. Duk wadda ta nuna launinta, ranar Asabar sai in kai ta teburin bakin hanya, wanda ya sayi tukunya biyu in ɗora masa ita gyara. 'Yan matan Jakarta su yi ta tsalle, "Kai, Ibu, kyauta?" su ɗaga ta kusa da kumatu su ɗauki hoto da waya, su tambaye ni ko kullum ake ba ta ruwa. In ce musu su ba ta yadda ransu ya so. Haka na yi ta yi har benci ya koma tukunya ɗaya, wata 'yar ƙarama da ta makara ba ta yi toho ba sai cikin azumi.

Washegarin Sallah ta buɗe. Na tsaya a kanta tun hantsi ina kallo tana warwarewa, kuma tun bakin ya ɗan rabu na ga abin da ke ciki. Ruwan ƙwai.

Ina nan tsaye sai na ji sallama. Mang Oyo ne, wato Kawu Oyo, abokin Abah tun suna samari, tare suka yi aiki a gonar furanni kafin kowa ya kafa rumfarsa. Ya haura tamanin, yana zaune a Garut wajen ɗansa, rabona da shi tun jana'izar Abah. Ya zo gaisuwar Sallah wajen dangi, ya ce ba zai koma ba sai ya leƙa rumfar abokinsa. Na sumbaci hannunsa, na ba shi kujera, na kawo shayi.

"Neng Tarsih, ina jajayen?" ya ce, da kiran da manya ke yi wa 'ya mace, yana waige-waige.

Na kwashe labari na ba shi, tun daga yagewar leda har burushi. Na kwaikwayi muryar Pak Rinaldi, na kwaikwayi Kang Darsa da faifansa, na tsallake maganar mayafi. Na nuna masa tukunyar na ce ga autar 'ya'yan Rinaldi nan, ita ma Asabar za ta bi 'yan'uwanta. Ina jira ya taya ni tsine wa mutanen birni, sai na ga yana dariya, har kafaɗunsa na rawa.

"Ashe ubanki bai taɓa gaya miki ba? Kai, mutumin nan da rowar magana!"

"Gaya mini me, Mang?"

"Yadda ya samu jan mana. Guda ɗaya tak ta fito masa cikin shuka, kina goye a lokacin. Da wa zai aurar da ita? Dole ya sa mata garin ruwan ƙwai. 'Ya'yan suka fito ruwan ƙwai kaf, ba ja ko ɗaya. Muka yi ta yi masa dariya, ni ne kan gaba, na ce ya zubar ya huta. Ya ƙi. Ya ajiye su duka, ya aurar da su junansu, wa da ƙanwa. A jikoki jan ya dawo, Neng. Cikin kowane huɗu ko biyar sai ka ga ɗaya ja wur."

Na dafa benci.

Ya miƙa hannu ya ɗauki 'yar tukunyar, ya kawo ta kusa da idonsa, yana kallonta da wani irin so. "Ai jan yana nan cikinta a kwance. Ko wane ne uban, uwarsu ɗaya ce. Mai hoton naki bai kashe komai ba, shekara uku kawai ya ƙara miki. Ita kaɗai ba za ta karɓi garin kanta ba, kin sani, sai da 'yar'uwarta. Ɗauko burushi tun rana ba ta juya ba. Ina sauran talatin ɗin?"

"Na bayar, Mang."

"Kin bayar? Wa?"

"Gyara. Masu wucewa."

"Duka?"

"Duka."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya mai da tukunyar kan benci da hannu biyu, a hankali, ya juya ta yadda furen zai fuskanci rana. Na so ya zage ni, wallahi na so, amma sai ya ɗauki shayinsa ya kurɓa.